Noti Uku a Bakin Madubi

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Salla, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, mu uku ne a shagon walda na surukina da ke bakin kasuwar Shagari: ni, da shi, da wani tela maƙwabcinsa da suka daɗe suna shan inuwar rumfa ɗaya. A ranar ne Baba, kamar yadda nake kiran surukin nawa, ya miƙo mini mazaunin madubin da na roƙe shi ya ƙera mini.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, a Boɗinga nake zaune, kuma idan na samu sarari hoton taurari nake ɗauka. Na'urar hangen nesan da nake aiki da ita mai madubi ce. Bututu ne da tsayinsa ya kusa kai ƙirjina. A gindinsa akwai madubi mai ɗan zurfi kamar faranti, faɗinsa inci takwas. Shi ke tara hasken tauraro ya mayar da shi bakin bututun, inda wani ƙaramin madubi ke karkato shi gefe zuwa ido ko kyamara. Duk abin da ke jikin na'urar ana iya sake shi a kasuwa, ban da babban madubin. Wani abokin aikina ne ya riƙo mini shi daga ƙasar waje, naɗe cikin rigunansa a jakar hannu. Ba ni da wani, ba ni kuma da hanyar samun wani.

Madubin ya zo shi kaɗai, ba mazauni. Na zana wa Baba abin da nake so a takarda: faifan ƙarfe da madubin zai zauna a kai, da 'yan kunnuwa uku a gefe, kowane da noti da 'yar roba, don kada madubin ya kifo idan bututun ya karkata. Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, don ban ɗauka sai an faɗa ba. Kunnuwan nan ba a so su taɓa madubin, tsaro kawai suke yi. Tsakaninsu da gilashin ana barin rata daidai kaurin katin waya. Gilashi komai kaurinsa yana lanƙwasa idan aka matse shi, lanƙwasar da ido ba ya gani amma tana ɓata haske.

Baba ya ɗaga mazaunin da madubin a ciki, ya kai shi kusa da kunnensa, ya girgiza. Shiru. Ya sake girgizawa da ƙarfi.

"Ji nan, Malam," ya ce. "Ko bayan amalanke kas sa shi hal Lambara, ba ka jin ƙas."

Telan ya ɗago kai daga kan kekensa. "Wanga tsoho, ko hulatai da noti yaka ɗamre ta," ya ce. Baba ya ce masa ya ji da wandunan mutane da ke kwancewa a sahun salla.

Na karɓa na duba. Robar da ke ƙarƙashin kowane kunne ta baje, ta fito gefe kamar an taka danƙo. Na durƙusa na yi godiya, na yaba kyan waldar, wadda kuwa ta yi kyau. Ban ce masa notin sun yi tsauri ba.

Wanda bai san Baba ba zai ce faɗa masa abu ne mai sauƙi. Shekarunsa masu yawa yana gyaran garma da amalanke da injin ban ruwa na masu albasa, kuma abin da aka san shi da shi daga Shagari har Dingyaɗi shi ne abin da ya ɗaure ba ya kwancewa. Ga shi surukina. Ba na cin abinci a gabansa, ba na ɗaga ido in dube shi idan yana magana. A wurin aiki an koya mini in faɗi abu yadda yake cikin jimla ɗaya, amma wannan horon bai taɓa bi na cikin shagon nan ba.

A Boɗinga gidanmu yana kusa da titi, fitilun manyan motoci ba sa barin sama ta yi duhu. Saboda haka gonar Baba da ke bayan garin Shagari nake zuwa duk Asabar. Shi da kansa ya ce in daina wahalar ɗauko bututun a kan babur. Ya yi masa kanta a ƙuryar shago, ya riƙa rufe shi da tabarma.

A daren ranar da na karɓi mazaunin, bayan sallar isha'i, na kafa na'urar a gonar. Na saita ta a kan wani tauraro mai haske, na maƙala kyamara, na ɗauki hoto na daƙiƙa talatin. Da na buɗe shi, kowane tauraro yana da kusurwa uku, kamar an yanka shi da almakashi. Na cire kyamarar na sa ido, na ɗan kauce daga saiti don ɗigon hasken ya buɗe ya zama zobba. Lafiyayyen madubi zobba zagayayyu yake bayarwa. Nawa sun lotsa a wuri uku, daidai inda kunnuwan suke.

Asabar ta gaba na iso da wuri, na tarar Baba ya tafi duba injin wani a fadama, ya bar shagon a buɗe. Na fitar da bututun bayan shago, na kwance gindinsa, na sassauta notin nan uku har katin waya ya shige ƙarƙashin kowane kunne. Telan yana kallona ta taga. A daren taurari suka fito zagaye, ƙanana, tsaf. Na koma gida ina ganin magana ta ƙare ba tare da an yi ta ba.

Mako ya zagayo, sai ga kusurwa uku sun dawo.

Na sake sassautawa a gona da hasken tocila. Asabar ta gaba ma haka. Na zauna na yi tunanin abin a tsanake. Jijjiga tana kwance noti, ba ta ɗaure shi. Zafi ma ba ya juya noti. Na ari jan farcen matata na ɗiga a kan kowane noti da jikin ƙarfen da ke kusa da shi, ɗigo biyu a layi ɗaya. Da na dawo, ɗigon kan notin ya wuce na ƙarfen da fiye da rabin juyi, a duka ukun. Hannu ne. Kuma makullin shagon a wurin mutum ɗaya yake.

A mako na shida na ga ɓallin. Na fitar da madubin don in hure ƙura, sai na ga ƙarƙashin kunne ɗaya bakin gilashin ya ɓalle, kamar ƙwayar shinkafa. Dalilin a fili yake. Ana ɗaure notin da rana ƙarfe yana da zafi. Idan dare ya yi a gona, ƙarfen ya huce, yakan tsuke fiye da yadda gilashi ke tsukewa, sai matsin ya ƙaru. Ɓalli a baki ba ya hana madubi aiki. Amma wurin da ya ɓalle ya yi rauni, kuma idan aka sake matsa shi, abin da ke biyo baya tsagewa ce. Na daɗe a tsugune da madubin a cinyata.

Na kai wa matata maganar, da fatan ta isar wa mahaifinta. Ta saurare ni har na gama, tana tankaɗe.

"Ni ɗiyar fari ta," ta ce. "Tun da anka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Yau ni za ni zuwa in ce mai notinai ya yi tsauri?"

Ta ce in ɗauko abina in kawo gida, shi ke nan. Na ce ɗaukowar ma magana ce. Mutum ya yi maka kanta da hannunsa, ya rufe maka kaya da tabarmarsa, ka zo ka kwashe ba dalili, ai ka faɗa masa ba ka yarda da shi ba. Ta ce to in zaɓi wadda zan iya, ita dai ba ta ciki. Na yanke a raina zan yi masa magana Asabar mai zuwa. Na riga na yanke haka sau biyu a baya.

Ba a kai Asabar ɗin ba. Ranar Laraba ina gida, ba ni da aiki, an idar da azahar ke nan, waya ta yi ƙara. Telan ne.

"Malam, surukinka ya buɗe gangarka." Haka yake kiran bututun. Ya ce tun safe Baba yake ƙera wani zoben ƙarfe mai noti shida, wanda zai danne bakin madubin gaba ɗaya, kuma ya kusa gamawa. "Sati shida ina kallon ku, kai ka kwance, shi shi ɗamre. Na ɗauka wasa na. In kana da abin hwaɗi, taho yanzu."

Na roƙe shi ya ja Baba da hira. Ya ce zai gwada, amma in san tsohon ba ya hira idan sifana tana hannunsa.

Na hau babur. Ban taɓa jin nisan hanyar Shagari kamar ranar ba. Wata mota shaƙe da buhunan albasa ta shiga gabana, ga motoci na tahowa ɗaya bayan ɗaya, na kasa wuce ta. Na yi ta shirya jimlar da zan faɗa. Duk wadda na ɗauko sai ta fara da neman gafara, ta bi ta yabon aikinsa, ta ƙare ba ta kai ga noti ba. Na lissafa kuma abin da zobe mai noti shida zai yi wa gilashin da bakinsa ya riga ya ɓalle. Wannan lissafin bai ɗauke ni lokaci ba.

Da na shiga shagon, abin da na fara gani madubin ne. Yana ƙasa a kan wani buhu, fuskarsa sama, taku biyu daga injin wasa ƙarfe. Zoben yana kan benci, an goge shi yana ƙyalli. Baba yana zaune a kan kujerarsa yana jera noti.

Na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe shi, na tambayi gida, na tambayi aiki, na tambayi zafi. Ya tambayi mutanen Boɗinga, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hanya. Ba a gajarta gaisuwar suruki. Ina amsawa, idona yana kan wani ɗan guntun ƙarfe da ke gefen benci, daidai saman madubin.

Bai tambaye ni abin da ya kawo ni ranar Laraba ba. Ya ɗauko mazaunin, ya sa madubin a ciki da hannu biyu, a hankali ƙwarai, sannan ya yi magana yana kallon aikin, ba ni ba.

"Malam, aikina ya ba ni kunya. Duk Lahadi in na girgiza abin ga, sai in ji shina motsi. In ɗamre, sati shi zagayo, shi kwance. Ban hwaɗa maka ba." Ya nuna ɓallin da ɗan yatsa. "Ga shi motsin har ya ci mai baki. Amanar da kab ba ni ta. Wanga zobe in ya hau, an gama."

Ban taɓa tunanin abin ta wannan gefen ba. Mako shida yana ɗauke da shi, yana ganin hannunsa ne ya fara gazawa.

Ya ɗora zoben a kan madubin. Ya sa noti na farko, ya murza da yatsa har ya tsaya. Ya sa na biyu a ɗaya gefen. Ya miƙa hannu ya ɗauki sifana.

"Baba," na ce, "ni ka kwance su."

Keken telan ya tsaya. Baba bai ajiye sifanar ba, bai kuma juyo ba. Na ci gaba, kaina a ƙasa, muryata ba irin wadda nake aiki da ita ba. Na ce aikinsa bai taɓa kwancewa ba ko sau ɗaya. Na ce madubin irin wannan ba a matse shi, kuma ɓallin matsi ne ya kawo shi, ba motsi ba. Na ce laifina ne da ban faɗa ba tun ranar farko.

Baba ya dubi kaurin madubin. Sannan ya ce gilashin da ya kai kaurin wannan, in ce masa noti na lanƙwasa shi? Ya yi shekaru yana sa gilashi a tagogin ƙarfe, bai taɓa ganin wanda ya lanƙwasa ba, sai dai ya fashe. Sifanar tana hannunsa har lokacin.

Na ce idan ya yarda zan nuna masa, ba sai dare ya yi ba.

"Nuna min," ya ce.

Na cire zoben. Na juya madubin yadda ɓallin zai faɗa tsakanin kunnuwa biyu, na mayar da kunnuwan da ratar kati, na ɗaura mazaunin a gindin bututun. Na roƙi ɗan ƙwallon ƙarfe irin na cikin boris ɗin babur, Baba ya zaro ɗaya daga gwangwani. Telan ya karɓa ya tafi da shi can ƙarshen filin da ke bayan kasuwa, ya ɗora a kan wata katanga, yana ƙorafin an mayar da shi yaron shago da furfurarsa. Rana tana bayanmu. Idan ta bugi ƙwallon, takan bar ɗigon haske ɗaya ƙanƙane, wanda a cikin na'ura ba shi da bambanci da tauraro.

Na saita, na ɗan kauce don zobban su buɗe. Iskar zafi tana sa su rawa, amma siffarsu a bayyane take. Na matsa gefe. Baba ya tura hularsa baya, ya sa ido. Ya ɗauki lokaci kafin ya gano inda ake kallo.

"Zagaye na," ya ce.

Na ce to a ɗan ɗaure notin, kaɗan, rubu'in juyi kowane. Na yi nufin in yi da kaina. Kafin in miƙa hannu ya riga ya zagaya gindin bututun, ya kwance mazaunin, ya tsuguna da shi. Ba yadda zan karɓi sifana daga hannunsa.

Ya ɗaure na farko. Hannun Baba bai san rubu'in juyi ba. Na ga robar ta fara bajewa. Ya ɗaure na biyu haka. Ya kama na uku, ya juya, ya gyara riƙo zai ƙara.

"Ya isa, Baba."

Ban taɓa ba shi umarni ba sai ranar. Ya tsaya. Na kasa kunne ina jiran ƙarar da nake tsoro, ba ta zo ba. Muka mayar da mazaunin, na sake saitawa, na leƙa na ga abin da na san zan gani, na ba shi wuri.

Ya daɗe a kai. Ya ɗago, ya murza ido, ya koma. Sannan ya sake kwance mazaunin, ya sassauta notin da kansa, ya miƙo hannu na ba shi katin, ya gwada ratar a kowane kunne. Muka mayar, ya duba. Telan ya dawo yana tambaya ko an ga abin da ake nema, ko shi ma a ba shi ya leƙa ya ga aljanun.

Baba ya zauna a kan benci.

"Tun yaushe kas sani?"

Na ce tun ranar da ya miƙo mini.

"Kab bar ni ina ɗamrewa kana kwancewa," ya ce. "Da ya tsage fa? Wa za a ce ya fasa?"

Telan ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskar abokinsa, ya koma kan kekensa.

Bayan la'asar Baba ya sake ɗaukar mazaunin ya girgiza a kunne. Ya ce ya yarda ba a danne shi ta sama, ya gani da idonsa. Amma wannan ƙarar da yake ji ta gefe ce, madubin yana zamewa hagu da dama, kuma wannan aibi ne ko a wurin wa. Gaskiyarsa ce. Zamewar ce ke sa saitin madubaina ya goce duk lokacin da na juya bututun, na kuma daɗe ina fama da ita ban san ta inda zan kama ba. Ya yanko 'yan guntayen fata uku daga wani tsohon ɗamarar inji, ya fefe su da wuƙa har suka yi siriri, ya manna su a cikin mazaunin ta gefe, yadda za su tare gilashin ba tare da sun matse shi ba. Ya gwada da katin sau da yawa. Da ya girgiza, ƙarar ta ragu ta koma wani ɗan motsi da sai an kasa kunne. Na ga bai ji daɗinsa ba, amma ya bar shi. Ni kuma na shafa baƙin fenti a kan ɓallin don kada ya watsa haske.

Da zan tafi na ɗauki bututun zan mayar kan kanta. Ya ce a'a, in tafi da shi gida. Ya ce shi ya san hannunsa, in yana ganin abin kullum a shago, wata rana zai ɗaure. Ya kawo igiyar roba ya ɗaure mini shi a bayan babur da kansa. Na durƙusa na yi sallama, ya amsa a gajarce.

Asabar biyu da suka biyo baya hadari ya rufe sama, damina ta kama. A ta uku aka samu sarari bayan isha'i, na ɗauki hoto arba'in a gonar, taurarin duka zagaye har gefen hoton. Madubin bai tsage ba. Tun daga lokacin a Boɗinga nake ajiye na'urar, kuma sai da aka yi girbin gero kafin Baba ya sake tambayata labarinta.